Baffa da Ɗakin Ajiyar Tsohuwar Tasha

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, ko mun gama shiri ko ba mu gama ba. Baffa, wan mahaifina, mai ɗakin ajiya a tsohuwar tashar mota ta Mubi, ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ƙofar ɗakin da ya fi rabin rayuwarsa yana tsaro. Ni na fara ganinsa. Na kawo masa kunu daga rumfata ta abinci, na ce, "Baffa, ga shi tun bai huce ba." Bai amsa ba. Na zaci fushin jiya ne bai sauka ba, har na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga carbinsa a ƙasa.

Tunda nake a tashar nan ban taɓa jin ta yi shiru ba sai ranar. 'Yan kamasho masu ihun "Maiha, Belel, saura mutum ɗaya!" suka yi tsit. Leburorin da ke aikin gyaran tasha suka kashe injin kwaɓa siminti ba tare da an ce su kashe ba. Wani tsohon direban hanyar Belel, wanda ya riga ya cika mota dam, ya buɗe ƙofa ya ce wa fasinjoji, "Ku sauka. Mai sauri ya nemi wata, ni yau Baffa zan ɗauka." Ko mutum ɗaya bai yi masa gardama ba. Wani fasto daga Duvu ya tsaya a gefe har aka idar da sallar jana'iza, sannan ya bi mutane maƙabarta. Maza sun ce mini shi ya riƙa ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa, wandonsa duk laka.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida har zaure. Kowace ta shigo sai ta ce, "Ya huta, bawan Allah, ya huta." Na yi ta haɗiye magana. Ya huta a ina? Mutumin da ya tafi da abu a zuciya? Amma gidan makoki ne, kuma ni an san bakina, sai na kama kaina na riƙa amsawa da amin.

Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da na durƙusa kusa da ita sai ta riƙe mini hannu da ƙarfi, ta matso da bakinta kunnena.

"Kayan mutane fa?"

Abin da ta ce ke nan, a ranar da mijinta ya bar duniya. Kuma ban ga laifinta ba, don ni ma tun a ƙofar ɗakin abin da ya faɗo mini ke nan. Ɗakin Baffa cike yake da kayan mutanen da suka gudu shekarar da aka shigo garin nan da bindiga, ba su dawo sun karɓa ba. Babu suna a jikin ko ɗaya. Baffa kaɗai ya san na wane da na wane. Ga ɗakin kuma an riga an shafa masa jan fenti, yana cikin abin da masu gyaran tasha za su rushe.

Bari in faɗi yadda yake aikinsa, don yaran yanzu ba za su yarda ba.

In ka sauka daga mota da kaya, kana da zirga-zirga a kasuwa ko asibiti, sai ka kai wa Baffa. In kana son aika saƙo Yola ko Kwaja, ko kuma wani ya aiko maka, wurinsa ake bari. Ba ya ba da takarda, ba ya ɗaura alama. Sai ya dube ka tun daga hula har takalmi, ya ce, "Ɗan gidan wa?" Ka faɗa. Ya dafa kayan da tafin hannu, ya sake duban fuskarka, ya ce, "Na gan ka, na ga kayanka. Tafi." Shi ke nan. Ko bayan wata nawa ka dawo, tun kana nesa zai miƙe ya shiga ya fito da naka. Da Fillanci yake yi da Bafillace, yana ɗan taɓa Gude da Kamwe, duk da dai in ya yi, masu yaren sukan riƙe ciki don dariya. Kakanninmu daga ƙasar Katsina fatauci ya kawo su, amma shi in ka ce masa baƙo ne a Mubi, to ka shirya wuni.

Tun ina yarinya nake jin faɗansa da Yaya, babban ɗansa, a kan rubuta suna. Yaya ya taɓa sayo fenti da burushi da zuciya ɗaya, ya ce zai riƙa sa wa kowane kaya sunan mai shi. Kai! Ranar sai da mutanen tasha suka taru. Baffa ya ce, "Ka rubuta suna, ɓarawo ya karanta, gobe ya zo ya ce wane ne ya aiko shi? An yi wa mai ajiyar wata tasha haka, a gabana. Fuska ba a aronta." Ya ƙwace gwangwanin ya ba mai faci. Yaya ya yi fushi ya daina zuwa tasha, daga baya ma ya koma Yola da zama. A lokacin duk bayan Baffa muka bi, har da ni. Mun ga bai taɓa ba wani kayan wani ba, me za mu ce?

Ba ya buɗe ajiya, ko da kuwa tana wari. Wata rana aka bar masa kwalin busasshen kifi ya fara lalacewa, duk masu rumfuna muka yi ca a kansa. Ya ɗauki kwalin ya ɗora a kan rufi, ya zauna a ƙasa yana korar ungulu da sanda har mai shi ya zo. In ka tambaye shi me ke cikin jakar can, sai ya ce, "Abin da mai ita ya sa."

Har akuya an taɓa ba shi. Wani manomi daga Duvu ya kawo ta kasuwa zai sayar, ciwon ciki ya kama shi a tasha, aka wuce da shi asibiti. Kafin a sa shi a mota ya miƙa wa Baffa igiyar. Baffa ya ja akuya har gida. Ta cinye wa Inna garin tuwo, ta cinye zogalen da ta shanya, ta ci gefen tabarmar baƙi. Inna ta ce ko ita ko akuya. Baffa ya ce, "Ke ai ba ajiya ba ce, kina iya zuwa gidanku ki dawo." Da mutumin ya warke ya zo, Baffa ya miƙa masa igiya da 'ya'ya biyu suna bin uwar. Mutumin ya ce a riƙe ɗaya. Baffa ya ce shi ba a ba shi ciki ajiya daban ba, tare aka ba shi. Inna ta daɗe ba ta yafe wannan ba, har bara in an tuna sai ta yi tsaki.

Sai ranar gudu.

Da safe ne, ina tsame shinkafa. Muka fara jin ƙara daga nesa, wasu na cewa taya ce, wasu na cewa sojoji ne ke gwaji. Kafin a jima gari ya taso gaba ɗaya ya nufo tasha. Mata da goyo, tsofaffi a baro, ɗalibai ba takalmi. Motoci ba su isa ba. Direbobi suka hau watso kaya daga kan mota don mutane su samu wuri. Duk wanda aka jefo wa kayansa sai ya ja shi da gudu zuwa ƙofar Baffa, ya wurga ciki yana ihu, "Baffa, ka gan ni?" Shi kuma yana tsaye ya dafa ƙyaure, yana ta cewa, "Na gan ka. Na gan ki. Na gan ka." Wallahi ina kallonsa, idonsa na tsalle daga wannan fuska zuwa waccan, ba lokacin tambayar ɗan gidan wa. Akwatunan ƙarfe, buhuna, jakunkunan gana-masgo, ƙunshin zane, kan keken ɗinki, har suka kai rufi. Da ƙyar ni da mijina muka ɓamɓare shi daga wurin. Sai da ya sa kwaɗo biyu, sannan ya yarda muka bi ayari a ƙafa, muka haye kogi, muka kama hanyar duwatsu ta wajen iyaka.

Ba zan ba da labarin hanyar nan ba. Wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba Allah ya raba shi da ita.

Da muka dawo, kafin ya taka gida tasha ya nufa. An ɓalle ƙofar, an kwashe abin da aka kwashe, sauran an watsar. Ya zauna a tsakiyar kayan ya yi kuka da murya. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko da mahaifina ya rasu. Ya jera abin da ya rage, ya gyara ƙofa, ya koma mazauninsa. Mutane suka fara dawowa. Wasu suka sami nasu, suka rungume shi. Wasu ya ce musu, "Naka yana cikin wanda aka ɗauka, ka yafe mini," su ce haba Baffa, ai rai muka tsira da shi. Sannu a hankali masu zuwa suka ragu, har suka ɗauke. Kaya kuwa har yanzu rabin ɗaki.

Yaya ya zo daga Yola ya ce a tambayi malamai. Aka tambaya. Wani ya ce in an yi cigiya an gaji, ana iya sadakar da su da niyyar masu su, ga 'yan gudun hijira nan ko mayafi ba su da shi. Ni kaina na ga magana ce mai kyau. Baffa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan hukuncin tsintuwa ne, malam. Ni ban tsinta ba. Hannu da hannu aka ba ni." Aka tashi a haka.

Sannan aka zo da gyaran tasha. Kada wani ya ce na ƙi gyara. Ni da ke dafa abinci a wurin na san abin da muke sha. Da damina laka har idon sawu, bayan gida kuwa kada ma a yi maganarsa, ga rumfunan da aka ƙone tun lokacin tashin hankali suna tsaye baƙi ƙirin. Da aka ce za a yi rumfunan lodi na kwano, da shaguna, da sabon masallaci, a kuma mai da ƙofar shiga ɗaya ɓangaren, har guɗa na yi. Ana aiki ana lodi, don ba inda za a kai motoci. Yau layin Yola na nan, gobe an mai da shi bayan tarin yashi, fasinja ya yi ta yawo da kaya a ka yana tambaya. Rumfata sau nawa aka ɗaga ta, na daina damuwa.

Shugaban tasha ya zo da kansa ya durƙusa gaban Baffa. Ya ce an ware masa shago sabo kusa da sabuwar ƙofa, da ƙyauren ƙarfe, ɓera ma ba zai shiga ba.

Baffa ya ce, "Wanda ya jefo mini kaya ranar nan, ina zai nufa in ya dawo?"

"Baffa, ai sai ya tambaya a nuna masa."

"Ya tambayi wa? Yaran da ke tashar yanzu rabinsu ba su san ni ba. Mutum ya sha wuya shekara da shekaru, ya zo ya ga babu ƙofa, babu ɗaki, sai ya ce shi ke nan, an cinye. Ya juya. Ba zan tashi ba."

"To aikin fa?"

"Ku yi ta kewaye ni. Sai dai bayan raina."

Haka kuwa suka yi, Allah ya saka musu. Mai kula da aikin, wani mutum mai haƙuri da ɗan kwangila ya sa a wurin, ya riƙa ɗaga ranar yana fara wani gefen. Suka haƙa rami ta gabas, suka jibge bulo ta yamma, suka zuba rodi a bayan ɗakin. Baffa na zaune a tsakiya, ƙurar siminti ta mai da gemunsa toka-toka, yana tari. In mota ta tsaya sai ya miƙa wuya yana duban masu sauka ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ni da shi muka fara samun saɓani. Na ga jikinsa na raguwa, na ga yana laluben kofi kafin ya kama. Na ce, "Baffa, ka nuna mini kayan nan. Ko ba suna, ka ce mini wannan na wata doguwa ce mai tsagar Kwaja, wancan na wani gurgu ne. In riƙe." Kullum sai ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce yau kasuwa ce. Na kai ƙararsa wurin Inna, ta ce ita ma ta gaji da faɗa.

Ranar Talatar nan na ƙarshe na rufe tukunyata na shiga ɗakin na same shi. Na ce yau ba gobe. Na dafa wani akwatin ƙarfe shuɗi na ce, "Wannan na wa?" Ya matso. Ya ɗora tafin hannu a kai kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Ya koma kan wani buhu ya dafa, ya dawo kan akwatin.

"Mace ce," ya ce. "Ko kuwa... akwai yaro a bayanta."

Can sai ya juyo ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi mini ba. "Fita! Wa ya sa ki? In mai shi ya zo ai zan gane shi! Fita mini daga ɗaki!"

Na fita ina huci, na ce wa maƙwabciyata tsohon nan taurin kansa zai kashe mu. Sai da na zauna na fara wanke kwanuka sannan abin ya sauko mini. Ashe ba rowar sani yake yi ba. Fuskokin ne suka tafi. Sun yi yawa a safiya ɗaya, ga shekaru, ga yanar ido. Goben da yake ta ce mini, jira yake su dawo masa. Kuma ya kasa faɗa wa kowa, don duk garin nan da wannan kaɗai aka san shi. Na so in koma in ce masa ba komai, Baffa. Na ce bari ya huce, da safe na kai masa kunu.

Bayan addu'ar bakwai mai kula da aiki ya zo gida ta'aziyya. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya tashi bai ce uffan a kan ɗakin ba. Da ma ya yi magana, da na samu wanda zan yi wa masifa. Shugaban tasha ne daga baya ya ce mini, cikin jin nauyi, katafila za ta shigo wannan gefen in an kwana biyu. Yaya ya ce shi ya bar mini, duk abin da na yanke daidai ne, ya hau mota ya koma.

Ina cikin ɗakin ina tunanin ta inda zan fara, sai na ji sallama. Wata mata ce, ramammiya, da ƙaramin gicciye a wuya, ƙafafunta duk faso, Hausarta ma ba ta nuna ba.

"Sannu Mama. Ina baba mai ajiya?"

Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ta dafa bango, ta zame ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce daga Kwaja take. Tun ranar gudu suna can ƙetaren iyaka wurin dangin uwarta, mijinta ya yi ta ciwo har ya mutu a can, sai yanzu ta samu dawowa da yara.

"Kafin ya mutu ya ce mini, je wurin baba na tasha. Kaya namu yana wurinsa. Shi ya sani."

Na ce, "Wace irin jaka ce? Buhu ne ko akwati?"

"Ni ban gani ba, Mama. Ni yana gona ranar. Shi ya kwashe abin ɗaki ya zo tasha, a hanya muka haɗu."

Na dubi kayan, na dube ta. Wayyo Baffa. Abin da bai taɓa yi ba tsawon rayuwarsa, ni na yi shi kafin ƙasar kabarinsa ta bushe. Na ce ta matso mu buɗe, in ta ga nata za ta gane.

Muka kwance na farko, kwanukan wata amarya ne ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Na biyu, rigunan makarantar yara da allo. Wani buhun irin masara ne, ƙwari sun mai da shi gari. Wani ƙunshin magungunan wani tsoho ne da tabaransa. Kowanne sai ta leƙa, ta girgiza kai, ta mai da komai yadda yake, ta ɗaure da kyau fiye da yadda muka same shi. Da muka zo kan wata jaka mai kayan jarirai sababbi, ta riƙe wata 'yar hula a hannu ta daɗe tana kallo. Sai ta mayar ta ja zif.

"Ya isa, Mama. Kunya yana kama ni. Wannan duka akwai mai kuka a kansa."

Na ce mu ƙarasa, saura da yawa. Ta ce a'a. Ta tambaye ni ko nasu yana cikin wanda aka sace. Na ce ban sani ba. Ta ce ko baba ya taɓa yin maganar wani mutumin Kwaja, gajere, mai wushirya. Na ce ban sani ba. Duk abin da ta tambaya amsata ɗaya ce, har na ji na tsani muryata. Na zuba mata shinkafa da wake, ta ci kaɗan ta ƙulle sauran don yara. Ta ce wata rana za ta sake zuwa in zuciyarta ta yi ƙarfi, ta tafi hannu wofi.

An rushe ɗakin. Bai ɗauki katafila lokacin shan kofin shayi ba. Kayan suna gidana, na cika ɗakin yarana da su, yaran suna kwana a falo, mijina dai ya zuba mini ido tukuna. Shagon da aka ware wa Baffa an ba wani mai sayar da waya.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san bai ci na kowa ba. Abin da ya manta kada ka tambaye shi, ai kai ba ka manta ba. Ka yalwata masa kabari, ka ba Inna haƙuri, waɗanda suka jefo masa kaya ranar nan kuma, na raye da na mace, ka ji ƙansu.

Ni dai kullum in na sauke tukunya sai in bar wa maƙwabciyata rumfa, in ɗauki benci in je in zauna daidai inda ƙofar take, ko wani zai zo yana waige-waige. Ban san fuskar kowa ba, sai dai in duba wanda ya tsaya ya rasa inda zai nufa. Da farko leburori suka ce in ɗan matsa za su ja igiya, na matsa. Suka ce in matsa za su zuba kankare, na matsa. Yanzu gini ya kai kafaɗa, daga inda nake ba a ko hango wurin. Jiya sun ce in koma bakin titi, can wajen katanga. Na koma.